Ɗakin Naɗe Aska

Sheffield, 14 ga Oktoba, 1888

Zuwa ga ƙanena Reuben,

Ka ajiye askar da ke hannunka, ka wanke fuska, ka kira Kezia ta zauna, domin labarin da zan ba ku ba irin wanda ake ji a tsaye ba ne. An ba yayanka kalma. Kalma guda sukutum, tasa ta kansa. Malaman nan na kudu masu haɗa babban ƙamus, waɗanda shekara shida ke nan ina kwafo musu layuka daga tsofaffin littattafai ina aika musu a 'yan takardu, ba su ma san ko ni mutum ne ko akwatin gidan waya ba, su ne suka aiko mini da ƙunshi ɗaure da zare, suka ce in tsara musu tarihin kalmar *keen*. Duk faɗin Ingila, ni. Na gaya wa matar da ke mini wanki, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tambaye ni ko ana ɗauka.

To, sai gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da kai da Kezia da 'yan matanku biyu. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni ruwan sama tun saura kwana biyu, kuma ka san a garin nan ba ta samun hutu. Gwaggo Tabitha na nan da ranta, tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta yafe maka tafiya ba. Makaranta ma na nan yadda ka san ta, ina zuba karatu yana zurarewa.

Ga dalilin wasiƙar. Kai kana jin kalmar nan kullum a bakin aiki, ka ɗauka tun fil azal ta wuƙa ce da aska. Ba haka ba ne. Shekara dubu da suka wuce, a Turancin kakanninmu, mutum ake ce wa haka: jarumi, marar tsoro, wanda ba ya ja da baya. 'Yar'uwarta a Jamusanci har gobe ma'anarta ke nan. Sai can daga baya ta hau bakin takobi da mashi, ta zama kaifi. Daga nan ta bazu ko'ina: iska mai yankan fuska, yunwa mai tsanani, ido mai gani har hanji, baƙin ciki mai huda zuciya. Abin da ba a tabbatar ba shi ne yadda ta tsallaka daga mutum zuwa ƙarfe. Ina da ra'ayi, kuma ka san ra'ayina bai cika kuskure ba. Mawaƙan fada ne suka gaji da yabon jarumi, suka juya kan takobinsa, ba su ko canja kalma ba saboda lalaci.

Ina so ka tambayo mini tsofaffin masu washi na wurinku yadda suke faɗinta, da yadda suka ji a bakin iyayensu. Ka rubuta yadda suka faɗa, ka cire ashar.

Jiya a hanyar majami'a na tuna ka cika talatin da takwas. Baba talatin da huɗu ya yi, ƙurar dutsen washi ta gama da huhunsa. Ka girme shi da shekara huɗu ke nan, abin da mai washin aska bai taɓa yi ba a zuriyarmu. Ba na son fahariya, amma wa ya kawo maka ɗan littafin nan mai bayanin masana'antun Amurka, da fankar da ke zuƙe ƙura ta fitar da ita ta bututu? Wa ya zauna maka a wuya shekara guda cur har ka ɗaure kaya? Ni fasto ya cire ni daga kan dutse ina ɗan shekara goma sha ɗaya don ya ga ina iya karatu, kai kuma karatun nawa ne ya cire ka daga ƙura. Yaya fankar take?

Batun zuwana da kake ta nanatawa, za a zo. Amurka ba gudu za ta yi ba.

Yayanka,
Jabez Memmott, mai kalma

*

Harlow Falls, Connecticut, 2 ga Disamba, 1888

Yaya Jabez,

Mun samu wasiƙarka, Kezia ta zauna kamar yadda ka umarta, da na gama karantawa ta ce don wannan aka sa ta bar tukunya a wuta? Muna taya ka murna duk da haka. Tana lafiya, yaran ma lafiya, babbar ta fara koyon ɗinki. Ni ma da sauƙi, sai ɗan tarin nan da ke zuwa da sanyi. Matakalar gidanmu ce dai ta ƙara tsawo bana, sai na huta sau biyu kafin in kai sama.

Ka ce in tambayi tsofaffi. Yaya, tsohonmu guda ne, Amos Gillott, shekararsa arba'in da uku, Kaka muke ce masa. Na same shi da rana muna cin burodi, kowa na zaune a kan bencinsa.

Na ce, "Kaka, yayana malamin makaranta yana da tambaya."

Ya ce, "Wannan da ya gudu daga dutse tun bai yi gemu ba? Me yake so?"

Na ce, "So yake ya san yadda aka yi kalmar da ake kiran jarumi da ita ta koma kan wuƙa."

"Biyansa ake yi?"

"A'a."

"To Allah ya ba shi lafiya."

Sai Dogo Hibbert ya sa baki, ka tuna shi, ɗan gidan mai gyaran takalma na layinmu, bakinsa ba ya rufuwa ko yana barci. Ya ce, "Ka gaya wa Malam in yana neman asalin kaifi ya zo ya gaishe da matata ranar Asabar in na dawo daga mashaya." Aka yi ta dariya, Kaka ya yi dariya har ta zame masa tari, muka jira shi ya gama. Da ya samu numfashi ya ce in rubuta maka wannan, kuma kada in gyara:

"Soja bai taɓa sa wa takobi kaifi ba, dakusar da shi yake yi. Duk inda ka ga ƙarfe na ci, wani ne ya sunkuya a kansa. In akwai sunan mutum da ya bi ƙarfe, sunan mai sunkuyawar ne. Mawaƙa kuwa ko albasa ba su iya yankawa ba."

Na cire ashar biyu.

Ka tambayi fanka. Tana nan, kyakkyawa, an yi mata koren fenti. Ranar da mai kamfani ya kawo baƙi daga birni mukan ɗora mata bel ta yi ta juyi, mu zare tsummokaran da ke cikin bututu. In sun tafi mu mayar. Kada ka ɓata rai, ka san halin mutanenmu, kuma kusan duka 'yan gida ne a nan. Wani Ba'amurke sabon zuwa ya taɓa tambayar dalili, Kaka ya ce masa, "Yaro, sana'ar nan tana da daraja ne don tana kisa. Ranar da mai washi ya fara kai sittin, kowane ɗan manomi zai sauko daga tudu ya hau benci, a riƙa biyanmu kamar masu shara. Kai kana son ka daɗe kana talauci?" Yanzu mutumin ne ma ke riƙe mana tsani in za mu toshe bututun.

Yaya, ka zo da hutun bazara. Kwana tara ne kacal a ruwa. Shekara tara ban ga fuskarka ba, yaran nan kuma sun ɗauka baffansu ambulan ne. Akwai kogi a bayan gidanmu, akwai kifi, za ka iya zama a bakinsa kana gaya musu asalin sunayensu.

Ƙanenka,
Reuben

*

Sheffield, 10 ga Fabrairu, 1889

Reuben,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Ka yafe jinkiri, hunturun bana ya kwantar da rabin ajina da mura, sauran rabin kuma da ma a kwance suke. Ni ban kamu ba. Tarin nan naka, ka sa Kezia ta dafa albasa da zuma ka riƙa sha da safe. Matakala kuwa, ni ma tawa ta ƙara tsawo, sunan abin shekaru.

Ka miƙa godiyata ga Farfesa Amos Gillott. Na kwafe maganarsa a 'yar takarda na sa cikin ƙunshin, tsakanin wani bishop da wani mai fassara wa'azi, ina jin bai taɓa zama cikin irin wannan taro ba. Sai dai ƙamus ba a gina shi da abin da mutum ya ji a ransa yana cin burodi, shaida ake nema, da shekara, da shafi. Zan faɗa maka wani abu amma kada ya ji, kansa zai kumbura. Kalmar tana da wata 'yar'uwa a tsohon harshen mutanen arewa masu jiragen ruwa, can kuwa ma'anarta gwani, wanda ya san hannunsa, har wasu malamai na danganta ta da kalmar sani. Wannan ya ɗan karkata wajen Kakanku. Ya hana ni sakewa kwana biyu, daga baya na shawo kansa.

Labarin fanka da tsummokara ya ba ni dariya. Tun kana yaro ka iya ƙirƙiro abin da zai tayar mini da hankali, kai ne ka taɓa ce mini ka haɗiye ƙusa. Na san wautar masu washi na garin nan, na ji wannan magana ta daraja da kisa a bakin Baba ma. Amma mutanen da suka ƙetare teku don su tsere wa ƙura ba za su hau tsani su toshe bututu ba. Ruwan teku ai yana wanke wani abu.

Yanzu batun bazara, kuma ka saurara kafin ka yi fushi. Akwai wani littafi rubutun hannu a ɗakin karatun wata babbar majami'a can yamma, a fatar tumaki aka rubuta shi wajen shekara ɗari bakwai da suka wuce. A cikinsa akwai layin da nake kyautata zaton shi ne karon farko da aka ɗora kalmar a kan ƙarfe. An buga littafin, amma ban yarda da wanda ya buga ba, ina zargin ya tsallake wata kalma da za ta nuna mawaƙi ne ke yabon jarumi da takobinsa a numfashi ɗaya. In haka ne, magana ta ƙare. Ba sa buɗe wa baƙi ɗakin sai Yuli da Agusta, daidai hutuna. Ka ga ke nan ba ni na ƙi ba. Baɗi, in Allah ya kai mu, ni da kifinka.

Jabez

*

Harlow Falls, 9 ga Afrilu, 1889

Yaya,

Muna gaishe ka. Kezia da yara lafiya. Na sha albasar, na gode.

Kaka Amos ba zai ji maganarka ba, mun binne shi a Fabrairu.

An ɗauke ni daga kan dutse tun farkon Maris. Helma ya kira ni gefe ya ce daga yau ɗakin naɗi zan riƙa zama. Ɗaki ne mai taga da murhu. Mata shida ke goge asake suna naɗe su a takarda mai maiƙo, ni kuma ina zaune a kujera ina duba bakin kowace kafin a naɗe. Ba na ɗaga komai. A nan Kaka ya yi makonninsa shida na ƙarshe, kujerarsa aka ba ni.

Ranar da na kwashe kayana mutanen suka tsayar da duwatsu, kowa ya sauko daga benci ya ba ni hannu. Dogo Hibbert bai ce komai ba.

Matan suna da kirki. Suna ba ni shayi, suna tsokanata wai na fi su iya naɗi. Da rana nakan ji ƙarar duwatsu ta bango, sai in ga hannuna na motsi shi kaɗai kamar ina washi.

Ba zan tsawaita ba, rubutu na gajiyar da ni kwanan nan. Littafin fatar tumakin nan ya jira shekara ɗari bakwai, Yaya, ina ganin ya saba. Ka zo bana. Ban ce baɗi ba.

Reuben

*

Sheffield, 23 ga Afrilu, 1889

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Asake na Harlow Falls,

Bawanka malamin makaranta na gaisuwa, yana fatan kujera ta karɓe ka, murhu na ci, mata shida na biyayya. Lafiyata ƙalau, gwiwa ma ta yi shiru don girmama labarin.

Kai, Reuben! Ka samu ƙarin girma irin wannan ka rubuto shi kamar mai ba da labarin ɓatan akuya? Taga, da murhu, da shayi, ba ka ɗaga komai sai ido. Babu askar da za ta fita duniya sai ta bi ta gabanka ka ce ta yi. Har an tsayar da duwatsu an ba ka hannu, abin da ko magajin gari ya shigo ba a yi masa a nan. Dogo Hibbert kuwa hassada ce ta ɗaure masa baki, ka bar shi, ko ba komai garin ya huta. Ɗan Memmott na farko da ya sauka daga benci da ƙafafunsa ya hau kujera! Na gaya wa Gwaggo Tabitha, ta yi kuka, ta ce ta yafe maka rabi. Na gaya wa fasto, ya faɗa a majami'a ranar Lahadi, mutane suka yi ta juyowa suna kallona kamar ni aka naɗa.

Allah ya ji ƙan Amos. Na ji ba daɗi, da na so in yi gardama da shi baki da baki. Amma haka gadon kujera yake, sai babba ya tashi ƙarami ke zama, ko a fada.

Gajiyar rubutu kuwa ciwon manya ne, duk wanda ya samu muƙami yakan kamu da shi. Nan gaba magatakarda za ka ɗauka.

Na ga abin da ka ce game da littafin, ka iya magana, ban musa ba. Sai dai na riga na rubuta wa mai riƙon ɗakin karatun, ya amsa, ya sa mini rana. Malaman ƙamus kuma suna jira. Yanzu da ka rabu da ƙura ai hankalina ya kwanta gaba ɗaya, babu sauran gaggawa. Baɗi zan zo in same ka ka yi tumbi, ka sa agogo mai sarƙa, ka bar ni tsaye a ƙofar ofis ina jiran izini.

Ka gaishe da uwargidan Sufeto.

Jabez

*

Daga yamma, 20 ga Agusta, 1889

Reuben,

Ina gaishe ku. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Wata huɗu ke nan babu ko layi ɗaya. Na bar wa maƙwabcina adireshin masaukina don ya turo duk abin da ya zo, abin da ya turo kawai takardar mai sayar da gawayi ce. Ko sufetoci ba sa rubuta wa malaman makaranta? In fushi kake yi, ka rubuto ka zage ni, na fi gane wannan.

Ni ina nan, abincin masaukin ya lalata mini ciki. Mai riƙon ɗakin karatun ya manta ya sa mini rana, ya tafi bakin teku da mabuɗin a aljihu. Mako uku ina zagaya majami'a ina karanta sunayen matattu a bango. Da ya dawo ya buɗe mini, ya tsaya a kaina yana hamma. Na buɗe fatar, na samu shafin, na sa gilashi.

Layin yana nan daidai yadda aka buga shi. Ko ɗigo mutumin bai tsallake ba. Babu mawaƙi, babu jarumi, wani mai wa'azi ne kawai ke cewa wuƙa na da kaifi, kamar yadda kowace mai sayar da kifi za ta faɗa. Minti goma na yi na rufe. Kalmar ta tsallaka ne ba wanda ya gan ta, kuma ina jin haka za a rubuta: ba a sani ba.

Gobe zan koma gida. Makaranta za ta buɗe nan da kwana goma sha biyu.

Ka sa Kezia ta rubuto in kai ba ka da lokaci. Layi biyu ya isa. Tarin fa?

Yayanka,
Jabez

*

Harlow Falls, 22 ga Satumba, 1889

Yaya Jabez,

Ina gaishe ka. Ni da yaran lafiyarmu ƙalau. Reuben ya rasu ranar Litinin, tara ga wannan wata, da hantsi. An binne shi kusa da Amos Gillott. Mutanen wurin aikinsu ne suka ɗauke shi, sai da suka ajiye sau uku a hanya don babu mai cikakken numfashi a cikinsu.

Ban iya rubutu kamar ku ba, zan faɗa yadda ya zo mini.

A garin nan ko yaro ya san ɗakin naɗi. Kamfani ba ya korar mai washi in huhunsa ya ƙare, kujera ake ba shi kusa da murhu ya zauna cikin mata har abin ya zo. Duwatsun da aka tsayar, ban kwana ne. Ba wanda ya taɓa shekara a kujerar. Shi ya yi wata uku a kanta, sauran a gado.

Fankar ma gaskiya ya gaya maka. Tsohuwar rigarsa ce a cikin bututun, ni na ba shi da hannuna, ya ce goge ƙarfe zai yi da ita. Wannan ban yafe masa ba tukuna, sai nan gaba.

Ranar da wasiƙarka ta Sufeto ta zo, shi ya karanta mana da kansa, yana tsayawa yana hutawa. Ya yi dariya har ta zame masa tari, sai da na kawo kwano. Da ya lafa na ce, "Ba ni alƙalamin nan."

Ya ce, "Ki yi me da shi?"

Na ce, "In gaya wa yayanka abin da ko jaki ya karanta zai gane."

Ya ce, "Ba za ki rubuta ba. Kezia, mutumin nan ya fi mu duka kai. Ya gane sarai."

Na ce, "Ya gane shi ne yake maka barka?"

Ya ce, "Ke ba ki san shi ba. Lokacin da Baba ke kwance, shi ya zauna a bakin gado kwana huɗu yana tsokanarsa wai lalaci ne ya hana shi tashi, Baba na dariya. Da ya cika, a bayan gidanmu na same shi yana cizon hannunsa. Haka yake yi in abu ya fi ƙarfinsa. Wannan takardar kuka ce, ke ce ba ki iya karanta ta ba. Zancen littafin fata ma duk don kada in sa rai ne. Za ki gan shi a ƙofa da jakarsa yana ƙorafin abincin jirgi."

Ya sa na rantse ba zan rubuta ba, wai kada in ɓata maka shiri.

Jirgin ƙasan da ke kwaso mutanen da suka sauka daga teku ranar Alhamis yake isowa nan, da la'asar. Tun daga mako na biyu na Yuli, kowace Alhamis sai ya sa na yi masa aski, da askar da ya wasa da kansa, in sa masa farar riga, mu jingina shi da matashi a jikin taga. In jirgi ya yi kuka ya ce wa yaran su leƙa hanya. In mutane sun gama wucewa ya ce, "To, mako mai zuwa ne. Ku cire mini rigar kada ta yi datti." Alhamis tara muka yi haka. Ta ƙarshen ba ya iya zama, ya ce a yi askin dai.

Wasiƙarka ta Agusta ta zo saura kwana shida ya rasu. Na ga tambarin garin da ta fito, na buɗe ta a kicin na karanta, na sa ta ƙarƙashin tulun gari. Da ya tambaya ko an samu takarda na ce babu. Ya ce, "Kin gani? Mai zuwa ba ya rubutu." Allah ya yafe mini wannan ƙaryar, ni ban yi nadamarta ba.

Ba kuɗi nake nema ba, ina ɗinki, babbar ma tana taya ni. Abu ɗaya nake so. Ni na ce ba ka gane ba, littafi ya cinye maka ido. Shi ya ce ka gane. Ɗayanmu ne ya yi gaskiya. Yaran nan sun tsaya a taga Alhamis tara, wata rana za su tambaye ni me ya hana baffansu zuwa, kuma ba na so in yi musu ƙarya ta biyu. Ka amsa mini gajere, ban da barkwanci.

Matar ƙanenka,
Kezia Memmott

*

Sheffield, 6 ga Oktoba, 1889

Kezia,

Na samu wasiƙarki. Lafiyata ƙalau, ina jin kunyar faɗa.

Reuben ne ya yi gaskiya. Na gane. Ranar da wasiƙarsa ta Afrilu ta iso, na sa hula na tafi wurin masu sayar da tikitin jirgin ruwa. Aka ce akwai mai tashi daga Liverpool ran sha uku ga Yuli, kuma da sauran wuri. Na tsaya a gaban magatakardan har ya tambaye ni ko lafiya. Sai na bi gari ina faɗa wa mutane an yi masa ƙarin girma, don in ji a bakin wasu ko zan yarda, daga baya na zauna na rubuta masa barka. Ba tausayinsa ne ya sa ba, kamar yadda ya zata. Kaina na tausaya wa.

Inda ya kuskure kawai shi ne da ya ce zan zo.

Ki gaya wa yaran haka in sun tambaya, kada ki rage komai. Ni ne na yi kuskure.

Jabez